Gaskiyar Ƙullutun da Ke Gefen Haɓata

Kura, ranar Talata da hantsi.

Zuwa ga 'yata Hadiza,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Ina gaishe ki gaisuwar uwa, ina kuma roƙon Allah Ya sa wannan takarda ta same ki kin sauka lafiya a gidan Goggonki a Kumbotso. Allah Ya tsare ki a hanya, Ya tsare ki a inda kika sauka, Ya haɗa ki da mutanen kirki a wurin koyon sana'arki.

Na cusa takardar a cikin buhun shinkafar da na turara miki, don na san ba za ki kwance shi ba sai kin isa. Da gangan na yi haka. Akwai maganar da na kasa faɗa miki ido da ido, na gwada sau uku a makon nan, kullum sai in ƙare da tambayarki ko kin ɗauki bargo. Ki yi haƙuri da rubutun, kin san karatuna a aji shida ya tsaya, hannun kuma ya daɗe bai riƙe biro ba.

Tun da kika ce gyaran jiki da kwalliya za ki koya, babanku ya amince, ni ma na amince, amma kin ga na yi kwanaki ba walwala. Na san kin ɗauka sana'ar ce ba na so. Ba haka ba ne. Sana'a ce mai kyau, kuma kina da hannunta, tun kina ƙarama ke ce mai zana wa ƙawayenki lalle. Abin da ya sa jikina ya yi sanyi shi ne, za ki riƙa sa hannu a fuskokin matan mutane, ni kuwa na san irin abin da mace take yarda a yi wa fuskarta idan ranta ya ɓaci da ita. A kaina na sani.

Ƙullutun nan da ke gefen haɓata na hagu, wanda kika sha tambayata ina ce miki ciwon haƙori ne ya bar min shi, ba ciwon haƙori ba ne. Ni na kai kaina da ƙafata aka yi min shi. Yau zan gaya miki yadda aka yi tun daga farko.

Kin tuna shekarar da na yi doguwar jinyar taifot, kina aji shida na firamare? Na tashi a rame ƙwarai. Da na murmure jikina ya dawo, amma fuskar ba ta koma yadda take ba. Naman kumatuna ya zazzago ƙasa, fatar ta saki ta taru a gefe biyu na haɓa. Ban lura sosai ba, don madubin ɗakina ɗan ƙarami ne, kwalli kawai nake sawa da shi. Sai aka yi sunan ɗan yayanku na fari, mai hoto ya zo ya ɗauke mu. Bayan mako guda ya kawo hotunan, muna zaune a tsakar gida ana miƙa wa juna. Ke ce kika ɗauki wanda nake riƙe da jariri, kika daka tsalle kika ce, "Lah! Umma, kin koma Inna sak! Har kumatun!"

Mata suka yi dariya, ni ma na yi. Da aka watse na ɗauki hoton na shiga ɗaki na daɗe ina kallo. Inna mahaifiyata ta rasu da tsufanta, ni kuwa a lokacin shekaruna arba'in da 'yan kai. Na duba na ga gaskiya kika faɗa.

Kada ki kuskura ki ɗora wa kanki laifi a kan wannan. Sai daga baya na gane cewa da murna kika faɗa. Kin shaƙu da Inna, a ɗakinta kike kwana, ba ta fi shekara da rasuwa ba, kika ga fuskarta ta dawo miki a fuskar uwarki, kika ji daɗi. Ni ce na ji maganar a karkace. Na jefa hoton a ƙasan akwati, na fara janye jiki daga bukukuwa. In dole ta sa na fita, sai in ja mayafi in rufe haɓa. In ana hira sai in yi tagumi, ba don ina tunanin komai ba, don in tallafe fatar ne kawai. Ban gaya wa kowa abin da ke cina ba, har babanku.

To, Hadiza, yawancin matan da za su zo su zauna a gabanki su ce a gyara musu nan da nan, irina ne. Wata magana guda ce ta koro su, wataƙila ma wanda ya faɗe ta ya manta. Kafin ki buɗe kowace kwalba, ki fara tambayar mace tun yaushe abin ya fara damunta, me ya faru. Ki bar ta ta yi magana. Da na sami wadda za ta zauna ta saurare ni a watannin nan, ina jin da ban je inda na je ba.

Abin da na fara yi shi ne na gida. Na ji ana cewa alimun yana ɗame fata. Sai in daka shi, in kwaɓa da farin ƙwai, in shafa daga haɓa zuwa kunne, in ɗaure da ɗankwali ta ƙarƙashin haɓa zuwa tsakiyar kai, in kulle ɗaki in zauna. In ya bushe sai in ji fuskar ta ɗame kamar an ja ta. In duba madubi in ga kamar ta ɗagu. Kafin la'asar komai ya koma inda yake, sai bushewa da ƙaiƙayi. Na sani sarai ba ya ɗorewa, amma na ci gaba, don wannan sa'a guda ta ɗamewa tana min daɗi.

Da a kaina kaɗai abin ya tsaya da da sauƙi. Wata rana Lami maƙwabciyarmu ta shigo aron matankaɗi ta same ni na fito kenan, fuska a ɗame. Ta ce, "Yaya Rabi, me kike yi ne haka? Yau kamar an rage miki shekara goma." Maganar ta shige ni. Maimakon in ce mata na ɗan lokaci ne, sai na ce, "Ai magani ne sadidan, ki gwada ki gani." Lami ta je ta haɗa nata, ta ƙara lemon tsami da kanwa don ya fi ƙarfi, ta bar shi a fuska tun safe har azahar. Fatar kumatunta ta saluɓe. Ta yi kusan wata guda ba ta leƙa waje, har yau in kika lura akwai ɗan duhu a wurin. Ba ta taɓa ce min komai ba, ni ma kunya ta hana ni zuwa in ba ta haƙuri sai bayan shekara biyu.

Don haka kada ki yabi abin da ba ki ga ƙarshensa ba. In abu na sa'a guda ne, ki ce na sa'a guda ne. Mai zuwa biki tana iya sonsa a haka, ba laifi. Amma ki faɗa mata iyakarsa, ki kuma faɗa mata kada ta ƙara komai a kai da ra'ayinta. Mace in ta ƙagu, gani take ninka magani shi ne ninka sauƙi.

Daga nan sai dillaliya ta shigo cikin lamarin. Ba zan faɗi sunanta ba, ta bar garin nan tuni. Tana yawo gida-gida da atamfofi da kayan kwalliya. Ita idonta a buɗe yake, kallo ɗaya ta yi min ta gane inda ke min ciwo. Ta jira sai da kowa ya tashi, ta zaro wata 'yar roba fara, ba suna ba rubutu, ta ce, "Hajiya, wannan haɗi ne na musamman, matan birni ke amfani da shi. Yana miƙar da fata, yana goge tamoji." Ban tambaye ta abin da ke ciki ba. Na karɓa.

Wata biyun farko na ji daɗinsa, ba zan ɓoye miki ba. Fuskata ta yi sumul, ta yi haske, mutane suka fara cewa hutu ya karɓe ni. Kumatun dai suna nan inda suke, amma hasken ya ɗauke min hankali daga kansu. A wata na huɗu sai na ga wasu siraran jijiyoyi sun fito. Fatar ta yi laushin da ba na lafiya ba, ƙaramin karce sai jini. Kin san aikina, kullum ina gaban wuta ina turara shinkafa, in na sauke kuma ina cikin rana ina shanya. Tururin da na yi shekara ashirin ina sha ba abin da ya yi min, yanzu sai ya riƙa ƙona ni kamar an watsa barkono. Saman kumatuna ya yi baƙi, ƙuraje suka feso. In na daina shafawa kwana biyu, fuskar ta yi ta zafi da ƙaiƙayi sai na koma. Fatar da nake so ta ɗame kuwa sai ta ƙara saki, don ta yi siriri.

Babanku ya ce min, "Rabi, fuskar nan taki lafiya kuwa?" Na ce zafin wuta ne. Ya sayo min man kaɗanya a kasuwa ya ajiye min a bakin gado. Ko buɗewa ban yi ba, na raina shi.

Ke kin yi karatu, kin iya Turanci. Duk abin da za ki shafa wa mace, ki karanta jikinsa ki san mene ne. Wanda ba shi da rubutu, wanda aka ɗura a roba aka ce sirri ne, kada ya hau hannunki, ko da uwar ɗakinki ce ta miƙo miki. Ki ce mata cikin ladabi kina so ki san abin da ke ciki. In ta ƙi faɗa, kin san amsar.

Yanzu ga babbar. Da na koka wa dillaliya cewa fatar sai ƙara zubowa take, sai ta ce ai mai ba ya ɗaga nama, allura ce ke ɗagawa. Ta ce akwai wata mata da ta koyo aikin a ƙasar waje, takan sauka a wani gida a bayan gari lokaci-lokaci, tana cika wa mata kumatu su tashi kamar na budurwa. Na yi mako biyu ina juya maganar. A lokacin kin tafi makarantar kwana, kina ajin farko. Ranar da matar ta zo, na ce wa babanku zan je dubiya Dawakin Kudu. Ya ce in gaishe su. Wannan ƙaryar har yau in na tuna ta sai in ji kunya.

Ɗaki ne na haya, da katifa a ƙasa da labule. Mata uku na tarar suna jira, kowa ta ja mayafi, ba mai kallon wata. Matar tana da fara'a, ta sha zobba. Da layi ya zo kaina ta kwantar da ni, ta goge min kumatu da auduga, ta zuƙo wani abu mai kauri kamar mai daga kwalbar da ba rubutu. Na ce, "Hajiya, mene ne sunan maganin?" Ta yi dariya ta ce, "Ko na faɗa miki ba za ki iya maimaitawa ba. Ke dai ki rufe ido." Na rufe.

Ta fara da hagu. Hadiza, na haihu sau bakwai, amma wannan zafin daban ne, kamar ana tura min garwashi a ƙarƙashin fata. Da ta zagayo za ta yi dama sai na riƙe hannunta. Ta ce, "Haba, ai ba a barin gefe ɗaya, za ki karkace." Na ce na ji, in karkace. Na tashi na ɗauki mayafina na fito. A duk abin da na aikata a shekarun nan, riƙe hannun nan shi kaɗai ne na yi daidai.

Kwana biyu ina ɗaki, na naɗe fuska, na ce haƙori ne. Lokacin ɗibar tumatir ne, babanku tun asuba yake fita gona sai magariba, shi ya sa bai matsa ba. A rana ta uku da safe na kasa buɗe baki in sha koko. Kumburin ya hau har idona na hagu ya rufe, jikina kamar wuta, ina rawar sanyi. A ranar ne motar da za ta kwashi tumatir zuwa Kudu za ta zo, an jera kwanduna a bakin kanal ɗin ban ruwa ana jira. Allah Ya sa ya manta igiyar ɗaure kwanduna, ya dawo gida da hantsi zai ɗauka. Ya yi sallama ban iya amsawa ba. Ya ɗaga labule ya shigo, ya janye mayafin daga fuskata. Ya yi salati.

Ya ce, "Rabi, wannan ba haƙori ba ne. Me aka yi miki?"

Na ce da ƙyar, "Allura."

Bai ƙara tambaya ba. Ya fita ya samo mota. Na ce masa, "Malam, tumatirinka." Ya ce, "Ki yi shiru."

Asibitin nan kusa suna gani suka ce mu wuce Kano. A can aka tsaga wurin aka matse mugunya mai yawa, aka ɗaura min ƙarin ruwa, aka yi ta allurai. Kwana tara na yi. Motar Kudu ba ta jira ba. Yayanku ya yi iya ƙoƙarinsa, amma rabin tumatirin a kwando ya lalace cikin rana, sauran aka yanka aka shanya. Wahalar noman rani guda kenan, tun daga rainon iri har ban ruwa. Babanku bai taɓa ambata min wannan asara ba, ko sau ɗaya, har yau.

Likitar da ta duba ni mace ce, kusan sa'ata. Na yi zaton za ta yi min faɗa, na shirya sha. Da kumburin ya sauka na fara iya magana, sai ta jawo kujera ta zauna ta ce, "Malama Rabi, da abin nan ya bi hanyar jini, da ba ma wannan hirar. Ki gode wa Allah da kika hana a yi ɗaya gefen. Yanzu gaya min, me kike so a gyara tun farko?"

Ba wanda ya taɓa yi min wannan tambayar. Na nuna mata. Ta sa yatsa ta taɓa nata gefen haɓar ta ce, "Irin wannan?" Na duba, ashe ita ma nata sun fara saukowa. Na ji kunya, na kuma ji sanyi a raina.

Ta yi min bayani dalla-dalla, kuma ina so ki riƙe shi, don a shago ba lallai a gaya miki ba. Ta ce shekaru in sun ja, fata tana rage ƙarfi, kitsen da ke saman kumatu yana gangarowa, ƙashin muƙamuƙi ma yana raguwa. Gado yana ciki, rana tana ƙarawa, ramar farat ɗaya irin ta jinyata tana ƙarawa. Ta leƙa bakina ta ga haƙoran tauna uku da na cire tun haihuwar autanmu, ta ce rashinsu ma ya sa kumatun sun rasa madogara.

Na ce, "To likita, ba magani kenan?"

Ta ce, "Akwai abubuwan da ake yi, amma kowanne da iyakarsa. Man shafawa mai kyau yana sa fata laushi da sheƙi, ba ya ɗaga naman da ya sauko. Tausa tana sa jini ya gudana ki ji daɗi, shi ke nan. Akwai allurar cikawa ta gaskiya, wadda likitan da ya koyi aikin yake yi da maganin da aka san sunansa, tana ɗan gyara na wasu watanni sannan jiki ya shanye, sai an sake. Akwai na'urar da ke ɗumama fata ta ɗan ɗame, canjinta kaɗan ne. Akwai masu saka zare a ƙarƙashin fata su ja, shi ma ba ya daɗewa. Wanda ke ɗagawa sosai tiyata ce, a yanka ta gaban kunne a ja a ɗinke. Wannan aiki ne babba, da haɗarinsa, masu yinsa da kyau kaɗan ne, kuma bayan an yi shekaru ba sa tsayawa."

Na tambaye ta ƙullutun fa. Ta ce abin da aka ɗura min ya daskare ya kama nama, kuma kusa da shi akwai jijiyar da ke motsa leɓe. In aka matsa sai an cire duka, bakina na iya karkacewa. Shawararta a bar shi muddin ba ya ciwo. Ta ce in kawo mata robar man nan. Da babanku ya kawo ta duba, ta ce kada in yanke shi rana ɗaya, ta rubuta min yadda zan janye a hankali. Sannan ta ce in riƙa sa malafa in zan yi shanya, in ci abinci sosai, in je a sa min haƙoran roba, in riƙa shafa man kaɗanya. Babanku yana tsaye a bakin ƙofa, da ya ji an ambaci man kaɗanya sai ya yi gyaran murya ya kalli sama.

Kin ga bambancin wannan mata da mai zobba. Ɗaya na tambaye ta sunan magani ta ce in rufe ido. Ɗaya kuma ta faɗa min har abin da ba za ta iya ba. Ki zama irin likitar. Ki san inda aikinki ya tsaya. Dilka da halawar cire gashi da kurkum da lalle da wankin fuska, waɗannan naki ne, ki ƙware a kansu. Duk abin da zai huda fata ba naki ba ne, ko an ce za a koya miki a kwana uku. In mace ta nace tana son abin da ya wuce hannunki, kada ki yi mata dariya, kada kuma ki yi mata wa'azi. Ki ce ta je ta ga likitan fata a asibiti, a gaya mata gaskiya ta zaɓa da idonta a buɗe. Batun abin da ya halatta da wanda bai halatta ba a irin wannan gyara kuwa, ni ba malama ba ce, ki tambayi masu ilimi, ita ma ki ce ta tambaya.

Akwai wani kuskuren da na yi a gadon asibitin. Likita ta ce in faɗi gidan da aka yi min allurar don a sanar da hukuma. Na ƙi. Ina tsoron a ji a gari, a ce matar Malam Habu ce da jikokinta ta je gyaran kumatu. Sai bayan na dawo gida da mako uku na yarda na faɗa wa babanku. Ko da aka je, ɗakin a kulle, matar ta tashi. Matan nan uku da na tarar suna jira, ban san abin da ya same su ba, kuma ina tuna su. Don haka in kin ga ana cutar da wata, ko a shagon da kike ne, kada kunya ko tsoron a kore ki ya rufe miki baki. Ki kira wayar babanku ki gaya mana. Gidanku yana nan.

Ranar da za a sallame mu, muna zaune a benci a inuwa muna jiran takarda, babanku ya ce, ba tare da ya kalle ni ba, "Rabi, me na yi miki da kika ɓoye min?"

Na ce, "Ba ka yi komai ba, Malam. Gani na yi na tsufa na bar ka. Na ɗauka ka daina son kallona."

Sai ya kama gemunsa ya ɗaga, ya ja fatar da ke ƙarƙashi da yatsu biyu ya ce, "Dubi nan. Nawa sun riga naki saukowa da shekara biyar. Gemu ne kawai ya rufa min asiri."

Na fashe da dariya, ɗinkin yana ja na, ina dariya ina hawaye, har wata ma'aikaciya ta leƙo. Shekara biyu ina fama ni kaɗai da abin da magana ɗaya da shi za ta sauƙaƙa. In Allah Ya kawo miki miji, kada ki yanke hukunci a kan abin da ke ransa ba ki tambaye shi ba.

Sauran kin gani da idonki, ko da ba ki san dalili ba. Malafar da kuke min dariya da ita in ina shanya, daga nan ta samo asali. Haƙoran roba sun ɗan cika min fuska, na kuma koma cin nama da rake. Fatar ta ɗauki kusan shekara kafin ta warware, baƙin ya dushe, ko da bai tafi duka ba. Kumatun suna nan a sauke. Na koma zuwa biki, kuma da kwalliyata nake zuwa, don ban ce miki son kyau laifi ba ne. Har gobe ina son in fito fes.

Da na je na ba Lami haƙuri na gaya mata komai, har na allurar. Ashe ta riƙe. Bara ta shigo min da wata 'yar uwarta daga Bunkure, mace mai 'ya'ya biyar, wadda aka yi wa irin tayin da aka yi min, har ta sa ranar zuwa. Lami ta ce, "Yaya Rabi, don Allah ki nuna mata." Na cire mayafi, na kama hannun matar na ɗora a kan ƙullutun na ce ta danna. Ta danna ta ji taurinsa, ta janye hannu da sauri. Muka zauna na ba ta labari, na faɗa mata abin da likita ta faɗa min. Ba ta je ba. Da lokacin kaka ya yi ta aiko min da kwanon gyaɗa. Tun daga nan mata biyu sun ƙara zuwa, kuma duk wadda ta zo ina barinta ta taɓa.

Shi ya sa, duk da fargabata, ina murna da tafiyarki. Garuruwan nan namu suna buƙatar mace mai wannan sana'a wadda ta san abin da take yi, wadda za a zauna a gabanta a tashi da kyau da lafiya. In kin ƙware kika dawo kika buɗe naki a nan Kura, mata ba za su riƙa laɓewa suna bin ɗakunan haya ba.

Ki yi wa Goggonki biyayya, ki taya ta aikin gida kafin ki fita. Ki riƙe sallarki a kan lokaci, ko shago ya cika. Ki riƙa wanke hannu da kayan aikinki tsakanin mace da mace. Abin da kika gani a jikin wata ko kika ji daga bakinta, a nan ya tsaya.

Ina da roƙo guda. In kin zo hutun Babbar Sallah, ki taho da kayan aikinki. Ni ce zan fara zama a gabanki kafin kowa. Ba na so ki ɗaga komai, ba na so ki ɓoye komai. Ki wanke min fuska, ki yi min dilka, ki sa min kwalli, ina so in ji hannun 'yata a kanta. Babanku ya ce shi ma a tambaye ki ko ana gyaran gemu.

Allah Ya yi miki albarka, Hadiza. Ya sa alheri a hannunki, Ya kare ki daga cutar da kowa, Ya kare ki daga mai cutar da ke. Ya kai ki lafiya, Ya zaunar da ke lafiya, Ya dawo mana da ke lafiya. Ki gaishe da Goggonki da mutanen gidan duka.

Wassalam.

Mahaifiyarki,
Rabi